Yadda Ake Zaɓen Otal Mai Sauƙin Kuɗi Kusa da Wuraren Hirar Dare a Jidda

Kusan duk wanda ya gama Umra cikin 'yan'uwa da abokan arziki, in ya rage masa kwana biyu ko uku kafin jirginsa ya tashi, maganarsa ɗaya ce idan ya kira ni: a samo masa masauki mai sauƙin kuɗi a Jidda, amma kusa da inda jama'a ke fita da dare. Na daɗe ina wannan hidimar. Na kama wa 'yan kasuwa ɗaki, na kama wa tsofaffi, na kama wa ango da amarya, na kuma ga ta inda kuɗin mutane ke zurarewa ba su ankara ba. Abin da zan shimfiɗa maka a nan shi ne yadda nake yi da hannuna.

Mu fara fahimtar juna kan daren Jidda. Giya haramun ce a dokar Saudiyya, babu mashaya, wanda ya zo neman wannan zai jefa kansa cikin masifa ne kawai. Daren Jidda kasuwa ce, da gidajen abinci, da shagunan gahawa, da shimfiɗa tabarma a bakin Bahar Maliya tare da iyali. Zafi da gumi ne suka mayar da garin haka. Da rana tituna kamar an yi shara, sai bayan Isha'i gari ke farkawa, har ƙarfe ɗaya na dare za ka tarar da yara suna guje-guje a bakin teku. Kai ma haka za ka koma cikin kwana ɗaya: ka dawo masauki biyun dare, ka yi Asuba, ka kwanta har hantsi ya dubi ludayi. Ke nan ɗakin da kake nema na barcin rana ne. Riƙe wannan a ranka, domin a kansa za mu auna komai.

Abin da za ka tanada kafin ka fara

Fasfo ɗinka na asali da biza mai rai, ko iƙama in mazauni ne kai. Duk otal mai lasisi sai ya shigar da sunan kowane baƙo a tsarin Shumus na ma'aikatar cikin gida, don haka takardun duk wanda zai kwana a ɗakin ake bukata, har matarka da 'ya'yanka. Bizar Umra a yanzu tana ba ka damar zuwa wasu garuruwan ƙasar, amma ka san ranar da wa'adin zamanka zai cika, kada daɗin Jidda ya sa ka zarce.

Waya mai intanet da layin Saudiyya, STC ko Mobily ko Zain. Ana sayar da su tun a filin jirgi, da fasfo ake rajista. A wayar ka sauke Google Maps, da manhajar kama ɗaki ko da biyu (Booking.com da Almosafer sun isa, Gathern kuma na gidajen haya ne), sai manhajar kiran mota, Uber ko Careem ko Jeeny.

Kuɗi a hannu, riyal. Katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a nan, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, ga iyakar da bankuna ke sa masa. An ɗaure riyal da dala a kan 3.75, saboda haka lissafin ba wuya: dala 100 riyal 375 ce, ɗan abin da mai canji zai cire kaɗan ne.

Takarda da biro, don lissafin da za mu yi a mataki na biyar. Sai jimlolin Larabci huɗu, in ba ka da mai yi maka tafinta:

Bikam al-lela? Nawa ne kwana ɗaya?
Shamil ad-dariba? Har da haraji a ciki?
Abga ashuf al-gurfa awwal. Ina so in fara ganin ɗakin.
Al-khuruj as-sa'a kam? Ƙarfe nawa ake fita?

1. Fara zaɓen daren da kake so, otal ya biyo baya

Babban kuskuren baƙo shi ne ya ɗauka Jidda tana da tsakiya guda ɗaya. Gari ne da ya miƙe a gefen teku daga kudu zuwa arewa, Kornish ɗinsa, wato titin bakin teku, shi kaɗai ya kai kimanin kilomita 30, kuma babu jirgin ƙasa na cikin gari irin wanda aka buɗe a Riyad a ƙarshen 2024. In ka sauka a wannan ƙarshen alhali zuciyarka tana wancan, kullum kana cikin mota. Wuraren hirar dare manya uku ne, kowanne da irin mutanensa.

Na farko Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Nan ne gidajen da aka gina da dutsen murjani suke, masu tagogin katako da ake kira rawashin, da Baitu Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya shiga Jidda a 1925, da masallacin Shafi'i, da kasuwar Alawi, da Babu Makka. In sayayya ta kawo ka, turare, abaya, dabino, carbi, darduma, tsarabar da za a raba a gida, to Balad ne naka. Ni a wurina babu daren da ya kai nasa, musamman da azumi, lokacin da masu balila, wani dafaffen wake, da masu soya hanta suke jera teburansu a lunguna suna kiran ciniki da waƙe, jama'a ba ta watsewa sai dab da sahur. Mutanenmu ma suna da yawa a wajen, ba za ka yi tafiyar minti goma ba ka ji ana Hausa ba.

Na biyu Hamra da tsakiyar Kornish, inda titin Falasɗin yake gangarowa ya ƙare a teku. Daga nan ake kallon nafurar Sarki Fahad, wadda tun 1985 take cilla ruwan teku sama fiye da mita 260, da dare a haske ta da fitilu. Wuri ne na iyali, na zama a sha iska ba tare da an kashe ko sisi ba. Titin Falasɗin kansa cike yake da shagunan waya da gidajen abinci masu sauƙi.

Na uku Tahliya, wanda sunansa na hukuma titin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, da abin da ya yi arewa da shi: titin Sari, da sabon bakin teku na Shaɗi, da masallacin Rahma da ke tsaye cikin ruwa, da Red Sea Mall. Nan ne manyan kantuna da sinima da gidajen gahawa masu tsada, nan samari ke yawo da motoci. Daga Balad zuwa Red Sea Mall tafiya ce ta kusan kilomita 20.

Zauna da abokan tafiyarka ku tsayar da ɗaya. In Hajiya kasuwa take so, yara kuma teku, to tsakanin Balad da Hamra za ku nema, su biyun ba su da nisa da juna.

2. Ja da baya daga gaban titi

Otal ɗin da ke kallon teku ko yake kan Tahliya kai tsaye, kallon kake saye. Kai kuwa da rana barci za ka yi, da dare kana waje, to me za ka kalla? Buɗe taswira, ka sa yatsa a wurin da kuka zaɓa, sannan ka nemi abin da ke bayansa da tafiyar minti goma zuwa sha biyar a ƙafa, ko minti biyar a mota.

Akwai ƙa'idar da ta daɗe tana yi mini aiki. Titin Madina ya raba gari biyu daga kudu zuwa arewa. Abin da ya yi yamma da shi, wajen teku, ya fi tsada. Abin da ya yi gabas ya fi sauƙi, alhali wani lokacin titi ɗaya ne tsakaninsu. Mai son Balad ya duba Bagdadiyya, tana manne da shi ta arewa. Mai son Hamra ya duba Ruwais, ko ya ƙetara zuwa Sharafiyya da Mushrifa a gefen titin Falasɗin. Mai son Tahliya ya duba Aziziyya da Faisaliyya, mai son Shaɗi ya duba Salama da Bawadi. Cikin Balad ɗin kansa akwai tsofaffin gidaje da aka gyara aka mayar masauki, suna da kyau ƙwarai, amma kuɗinsu na masu hannu da shuni ne.

Sai dai ka lura da abu guda a taswirar. Manyan titunan Jidda ba a ƙetare su a ƙafa yadda aka ga dama, motoci gudu suke, wasu wuraren ma da shinge a tsakiya. Otal zai nuna mita 600 ne tsakaninsa da inda kake so, amma in titin Madina ya gitta, sai ka nemi gadar masu tafiya a ƙafa ko ka hau mota. Danna alamar mai tafiya a ƙasa a Google Maps, ka ga hanyar da za ta bi da kai.

Wani abin da nake yawan faɗa wa waɗanda suka san Jidda a da: kada ku dogara da tsohon sani. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 an rushe unguwanni da yawa, ciki har da Sabil da Karantina da Gulail da Bitrumin, inda dubban mutanenmu suka zauna shekara da shekaru, inda mai sayar da tsire, wanda Larabawan Hijaz suka ara suke ce masa sere, yake kafa tukubarsa da magariba. Har yau in na wuce wajen sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Alhajin da ya zo shekara goma da suka wuce zai kwatanta maka masaukin da ya saba sauka da zuciya ɗaya, ka je ka tarar da fili fetal.

3. Otal ko shiƙƙa?

In kai kaɗai ne ko ku biyu, kwana ɗaya zuwa uku, otal mai tauraro biyu ko uku ya wadatar. In kun kai huɗu, ko za ku yi mako, nemi abin da ake kira shuƙuƙ mafrusha, yanzu a allunansu an fi rubuta shuƙuƙ makhduma. Gida ne ƙarami da ɗaki ɗaya ko biyu, da falo, da firji, da ɗan kicin. Kuɗin shiƙƙa mai ɗaki biyu sau da yawa bai kai na ɗakuna biyu a otal ba, ga shi Hajiya za ta dama kunu da safe, a sayo burodin tamis da waken ful a bakin layi, an huta da kuɗin karin kumallo.

Tarkon da ke nan: wasu daga cikinsu na iyalai ne kawai, za ka ga an rubuta awa'il faƙaɗ. Samari huɗu 'yan kasuwa za su biya ta waya, su iso da akwatuna, mai istiƙbal, wato mai karɓar baƙi, ya ce ba ya karɓar gwagware. Karanta sharuɗɗan kafin ka biya, in ba a bayyana ba ka kira su ka tambaya. Mace kuwa tun 2019 tana iya kama ɗaki ita kaɗai da fasfonta, ba a neman muharrami.

4. Duba kalanda

Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, don haka Alhamis da dare da Juma'a da dare su ne masu tsada da cunkoso. In kana da zaɓi, sa kwanakinka tsakanin Lahadi da Laraba, garin bai mutu ba, kuɗin kuma ya sauko. Farashi yana tashi a goman ƙarshe na azumi, da hutun Sallah, da hutun makarantu, da ranar ƙasa 23 ga Satumba, da makon tseren motoci na Formula 1 da aka fara yi a Kornish a 2021. Ma'aikatan gwamnati kuma 27 ga wata suke ɗaukar albashi, kwanakin da suka biyo baya kasuwa da titi cika suke yi. In tafiyarka ta faɗa ɗaya daga cikin waɗannan, kama ɗaki tun da makonni.

5. Yi lissafin gaskiya a takarda

A nan ne aka fi cutuwa, kuma ba wanda ya cuci mutum sai gaggawarsa. Lambar da ka fara gani a manhaja wani lokacin ba ta haɗa da haraji ba. Harajin saye a ƙasar nan kashi 15 cikin 100 ne tun Yulin 2020, akwai kuma ɗan kuɗin baladiyya, wato hukumar gari, da ake ɗorawa a kan masauki. Bi shafin har wurin biya, ka ga jimlar ƙarshe, ita za ka rubuta.

Sannan ka ƙara kuɗin mota. Buɗe Careem ko Uber da misalin sha ɗayan dare agogon Saudiyya, ka sa sunan otal ɗin da wurin da za ka riƙa zuwa, ka ga abin da zai nuna. Da dare nake cewa, domin na rana yaudara ne, lokacin da kowa ke neman mota kuɗin yakan hau.

Ga misali don ka ga yadda abin yake. A ce ka ga ɗaki a can gefen gari riyal 170, haraji ya mayar da shi 196. Mota zuwa 45, dawowa 45, ka tashi a 286, in sau ɗaya ka fita ke nan. In ka fita da la'asar ka dawo ka ajiye kaya ka sake fita, ka kai 376. Wani ɗakin kuma a Ruwais riyal 260 har da haraji, mota 15 zuwa 15 dawowa, 290. Wanne ne mai arahar?

Haka ta faru da wani kawuna da ya zo daga Katsina da iyalinsa. Bai so ya ɗora mini nauyi ba, ya sa yaronsa ya kama musu ɗaki ta waya tun suna Makka. Da na je gaishe su sai da na ƙetare babbar hanyar Haramain na yi gabas, na yi ta tafiya har gidaje suka fara ƙaranci. Na tarar da shi zaune bakin gado da tarin ledoji, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Na ce, "Kawu, ai da ka yi mini magana."

Ya ce, "Ɗana, hoton ne ya ruɗe mu, ga shi kuma an rubuta Jidda. Jiya abin da muka ba masu mota ya fi kuɗin ɗakin, ga gwaggonka ƙafa ta kumbura."

Sun riga sun biya kwana huɗu, irin biyan da ba a mayarwa. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

6. Karanta abin da baƙi suka rubuta

Kada ka tsaya kan maki. Jera ra'ayoyin daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata uku da suka wuce, ka fi mayar da hankali kan masu ƙorafi. In mutum ɗaya ya ce ma'aikaci ya ɗaure masa fuska, wuce. In mutum uku daban-daban sun ambaci mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗaukewar ruwa, ko wari, ko kyankyaso, rufe shafin. Hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu a Google Maps sun fi na otal ɗin faɗin gaskiya.

7. Kama kwana ɗaya tak, ka je ka gani da idonka

Zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta ko ake biya in an iso, ko da ya ɗara da riyal goma ko ashirin. Kwana ɗaya za ka kama, in wurin ya yi sai ka ƙara. Banda lokutan cunkoson da na ambata, a nan kam ka kama duka kwanakin, amma mai damar sokewa.

Da ka isa, kafin ka miƙa kuɗi, ka ce abga ashuf al-gurfa awwal. Ba abin kunya ba ne, Larabawan ma haka suke yi. Bar kayanka a ƙasa da abokin tafiya, ka hau da ma'aikacin. Gani ya kori ji.

Da shigarka kunna mukayyif, ka bar shi yana aiki kana duba sauran. Iri biyu ne. Akwai na taga, wanda aka huda bango aka cusa, yana ruri kamar injin niƙa, in tsoho ne har ruwa yake ɗigarwa. Akwai na manne a bango, mai shiru. Bayan minti biyar sa tafin hannunka a bakinsa. In iska ce kawai ba sanyi, nemi wani ɗakin, kada ka karɓi alkawarin za a turo mai gyara. A Jidda cikin Yuli ko Agusta ɗakin da mukayyif ɗinsa ya gaza ba ya kwantuwa.

Ja labule ka kashe fitila. In haske yana ratsowa har kana ganin zanen tafin hannunka, barcin safe ya gagara. Leƙa tagar: me ke ƙasa? In babban titi ne, ko gini ake yi a maƙwabta, ko gidan shisha ne a ƙarƙashinka, roƙi ɗakin baya. Masu gini tun sassafe suke fara buga ƙarfe, daidai lokacin da kai kake shiga barci.

Shiga banɗaki ka buɗe famfo da shawa, ka ja ruwan masai, ka shaƙi iskar wurin. Warin magudana ba ya ɓuya, kuma turaren da suka fesa kafin ka shigo awa ɗaya ne zai yi. Tambayi ko ruwa yana yankewa, domin akwai tsofaffin gine-ginen da har yanzu sukan jira tankar ruwa, wadda ake kira wayit. Da bazara ruwan famfon sanyi da zafinsa yake zuwa, saboda tankin yana kan rufi rana na dukansa. Dabarar mazauna ita ce a kashe hita tun da wuri, ruwan da ya kwana a cikinta ya huce, sai a yi wanka da famfon zafi.

Ɗaga kusurwar katifa ta wajen kai, ka duba ɗinkin. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada alamar kuɗin cizo ce. Wannan ba a sauya ɗaki a kansa, otal ɗin ake bari gaba ɗaya, domin zai bi akwatinka har gida.

Sai ƙananan abubuwa. Gwada makullin ƙofa ta ciki. Gwada soket da cajarka: mai baki uku irin na Najeriya ake amfani da shi, amma a tsofaffin gidaje akwai ragowar wuta mai ƙarfin 127 tare da ta 220, ka tambaya kafin ka jona abu mai tsada. In da tsoho a tafiyar, hau lif ɗin da kanka ka tabbata yana aiki. Dubi alamar alƙibla a rufi ko a kan tebur, ka kuma tambayi masallaci mafi kusa. In tafiyarka ta kama tsakanin Nuwamba da Janairu, guji ɗakin ƙasa: ruwan sama a Jidda ba ya yawan zuwa, amma in ya zo da ƙarfi tituna cika suke, kamar yadda aka gani a Nuwambar 2009 da ta 2022.

8. Ciniki, rasit, da lokacin fita

In ɗakin ya kwanta maka, sauko ka yi maganar sauran kwanakin kai tsaye da mai istiƙbal. Manhaja tana cire kamasho daga hannunsu, saboda haka ƙananan otal da masu shiƙƙa sukan rage maka in ka ce kwana uku ko biyar za ka ƙara, musamman tsakiyar mako. Nuna masa farashin da ke wayarka, ka tambaye shi abin da zai yi maka, cikin fara'a. Manyan otal ba a ciniki da su.

Duk abin da ka biya karɓi fatura, wato rasit, mai sunan wurin da kwanan wata da jimlar kwanaki. In sun karɓi kuɗin ajiya na ta'amin, shi ma a rubuta. Za su duba fasfonka su shigar da bayanai, su miƙo maka abinka. Kada ka bar shi a hannun kowa ya kwana.

Yanzu maganar barcin rana da muka ajiye tun farko. Yawanci ana shiga ɗaki da rana bayan Azahar, a fita wajen sha biyu ko ɗaya, amma kowane wuri da nasa. Mutumin da ya kwanta bayan Asuba, ƙwanƙwasa ƙofa da sha biyu ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Tun ranar shiga ka nemi a ƙara maka zuwa biyu ko uku a ranar tafiya. In kuma jirginka ko motarka ta iso da tsakar dare, ka sani cewa wanda ya shiga ɗaki ƙarfe uku na dare, daren jiya ya kama, za a ƙirga masa kwana guda. Wajen kamawa a manhaja ka sa ranar da ta gabata, ka kuma aika musu saƙo cewa za ka makara, kada su ba wani.

Ka tambayi dokar baƙi. Wurare da yawa ba sa barin wanda ba a rubuta sunansa ba ya hau sama, 'yan'uwan da za su zo gaishe ka a falon ƙasa za ku zauna. Dubi bangon istiƙbal kuma, lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido a nan ake rataye shi. In aka saɓa maka abin da aka yi alkawari kuma magana ta ƙi ci, lambar ƙorafi ta ma'aikatar 930 ce, ta gaggawa kuma a yankin Makka, har da Jidda, 911.

9. Idan wani abu ya rasa

Ba ka da katin da zai yi aiki? Tace sakamakon manhaja zuwa masu karɓar kuɗi in an iso, wasunsu ko lambar kati ba sa nema. Ko ka ɗauko lambar wayar otal ɗin daga Google Maps, ka yi musu magana ta WhatsApp, ka adana amsarsu.

Ba ka kama komai ba, ga ka a Jidda? Kada ka bi direban da ya tare ka a ƙofar filin jirgi yana cewa ya san wuri mai kyau, ladansa a cikin kuɗin ɗakinka zai fito. Kira mota ta manhaja zuwa titin Falasɗin ko Bagdadiyya, inda masaukai suke kusa da juna, ka bar mutum ɗaya da kaya, ka shiga uku ka kwatanta. Da rana ake wannan, kafin la'asar, lokacin baƙi sun fita daga ɗakuna kuma mai wurin yana son cikawa. Safiyar Juma'a kuwa komai a rufe yake sai an sauko daga masallaci, otal dai a buɗe suke amma abinci da canji sai ka jira.

Wani ya ce zai ba ka ɗaki a gidan haya ba takarda, rabin kuɗi? In ɗan'uwanka ne na jini ya sauke ka a gidansa, wannan zumunci ne. In dillali ne da ba ka sani ba, bar shi. Ranar da kaya suka ɓace babu inda za ka kai ƙara.

Jidda ta cika, ko kuɗin ya fi ƙarfinka? Jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka da tashar Sulaimaniyya a Jidda cikin kimanin rabin awa. Kana iya riƙe masaukinka na Makka, ka zo da la'asar ka yi sayayya ka sha iskar teku, ka koma. Sai dai ka sayi tikitin komawa tun kafin ka taso, ka kuma duba lokacin jirgin ƙarshe, in ya wuce ka sai motar haya.

10. Ranar tafiya

Tun daren jiya ka ɗaure kaya, ka auna su in otal ɗin yana da sikeli. In jirginka na dare ne, sallami ɗakin a kan lokaci, ka ba su ajiyar akwatuna, yawancinsu suna karɓa kyauta, ka ɗauki hoton kayan a inda aka jera su. Karɓi kuɗin ta'amin ɗinka kafin ka fita.

Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana arewacin gari, kimanin kilomita 20 daga Balad, kuma tashoshinsa a warwatse suke: akwai sabuwar tasha ta ɗaya inda jirgin ƙasa yake tsayawa, akwai ta arewa, akwai ta alhazai mai rufin tantuna. Ba a zuwa daga wannan zuwa waccan a ƙafa. Duba tikitinka ko ka tambayi kamfanin jirgin wacce ce taka, ka rubuta sunanta daidai a manhajar mota. In tafiyar ta faɗa Alhamis da dare, ƙara awa guda a kan lokacin da ka yi niyyar barin otal, domin titin Madina a wannan daren tsayawa yake cak.